Kirarin Maharbi: Sharhi a Kan Littafin Manfred von Richthofen

Gabatarwa

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin ɗab'i na Ullstein da ke Berlin ya fito da wani ɗan littafi mai suna Der rote Kampfflieger, wato Jan Mayaƙin Sama. Wanda ya rubuta shi saurayi ne ɗan shekara 25, Manfred von Richthofen, matuƙin jirgin yaƙi na Jamus. Labarin da ke ciki ya tsaya a lokacin da ya harbo jiragen abokan gaba 52. Shekara ba ta kewayo ba sai da lissafin ya kai 80, shi kuma aka kashe shi. Babu wani matuƙi a wannan yaƙi, ta kowane ɓangare, da aka tabbatar masa da adadin da ya kai nasa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mai hidimar ikkilisiya da littafin sojan Jamus na shekaru fiye da ɗari da suka wuce? Ba da labarin rayuwar mutane yana cikin aikinmu na kullum. Muna yinsa a wurin jana'iza, muna yinsa ranar godiya, muna yinsa sa'ad da muke neman misalin jaruntaka da za mu sa a gaban matasa. Cikin masu sauraronmu akwai sojoji da 'yan sanda, akwai kuma matan da yaƙi ya mayar gwauraye. Wanda zai riƙa ba da labarin jarumai, ya kamata ya iya karanta shi tukuna. Littafin Richthofen wuri ne mai kyau na koyon wannan karatu. Yana da daɗi, marubucinsa yana shiga rai, ga shi kuma ya ɗauko kisan kai ya zuba shi cikin harshen farauta, har mai karatu ya manta cewa mutane ne suke mutuwa.

Mutumin da Zamaninsa

An haifi Richthofen ranar 2 ga Mayu 1892 kusa da birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Polan. Gidansu gidan sarauta ne na Prusiya, mahaifinsa kuma hafsan sojan doki ne. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi makarantar horon soja a Wahlstatt, daga can ya wuce ta Lichterfelde a Berlin. A 1911 ya shiga rundunar mahaya masu yaƙi da mashi, a 1912 ya zama laftanar. Tun yana yaro abu biyu suka fi cika masa rai, hawan doki da farauta.

Da yaƙi ya ɓarke a Agusta 1914 ya yi sintiri a kan doki, da farko a iyakar Rasha, sa'an nan a Beljiyam da Faransa. Cikin 'yan watanni yaƙin ya shige ramuka. Waya mai ƙaya da bindiga mai jigida suka kashe kasuwar doki. Richthofen ya gaji da zaman bayan fage, ya nemi a mayar da shi rundunar sama, aka karɓe shi a Mayu 1915. Da farko ba shi ne yake tuƙi ba, yakan zauna a kujera ta biyu yana leƙo inda abokan gaba suke.

Babban aikin jirgin sama a wannan yaƙi shi ne ya zama idon rundunar ƙasa. Yakan ɗauko hotunan ramukan abokan gaba, ya kuma gaya wa masu igwa inda harsashinsu yake faɗuwa. An ƙirƙiro ƙaramin jirgin faɗa ne don ya tsone wannan ido. A 1915 kamfanin Fokker ya sa wa jiragen Jamus wata na'ura da take barin bindiga ta yi harbi ta tsakanin fukafukan farfela ba tare da ta sare su ba. Daga nan matuƙi shi kaɗai yana iya saita jirgin gaba ɗaya kamar bindiga. Mutum biyu suka fara yin suna da wannan, Max Immelmann da Oswald Boelcke. Boelcke ne ya tsara ƙa'idodin faɗan sama: a sa rana a baya, a afka wa abokin gaba ta ƙeya, kada a yi harbi sai an matso kusa, a yi faɗa a ƙungiya, a kuma tuna da hanyar komawa gida.

A Agusta 1916 Boelcke ya zaɓi Richthofen cikin sabon rukuninsa mai suna Jasta 2. Ranar 17 ga Satumba ya harbo jirginsa na fari kusa da Cambrai. Ranar 28 ga Oktoba Boelcke ya mutu, bayan jirginsa ya gogi na abokinsa Erwin Böhme ana cikin faɗa. A Janairu 1917, bayan jirgi na 16, aka ba Richthofen Pour le Mérite, lambar yabo mafi girma ta sojan Prusiya, aka kuma danƙa masa Jasta 11. A nan ne ya shafe jirginsa da jan fenti. A watan Afrilu na wannan shekara sojan saman Birtaniya suka yi hasarar jirage kimanin 245, rukunin Richthofen kaɗai ya harbo 89. A Yuni aka haɗa rukunai huɗu a ƙarƙashinsa. Ranar 6 ga Yuli harsashi ya same shi a ka. Ya koma faɗa bayan 'yan makonni, amma ciwon kai bai ƙara rabuwa da shi ba.

Ranar 21 ga Afrilu 1918, kusa da kogin Somme, ya bi wani sabon matuƙi ɗan Kanada mai suna Wilfrid May, ƙasa-ƙasa har cikin yankin abokan gaba. Wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idar malaminsa ta hana. Harsashi ɗaya ya shiga ƙirjinsa. Hukumar sojan saman Birtaniya ta ba Kyaftin Roy Brown yabon harbin, amma yawancin masu bincike yanzu sun fi karkata ga cewa wani sojan Ostareliya ne ya harbe shi daga ƙasa.

Wa Ya Sa Aka Rubuta Shi?

Tambaya ta fari ga kowane labarin jarumi ita ce, wa yake bukatarsa? Ba Richthofen ne ya tashi haka kawai ya ce zai rubuta littafi ba. Sashen yaɗa labarai na rundunar sama ne ya nemi ya rubuta, masu tace labarai na soja kuma suka duba kafin a buga.

Dalilin a fili yake. A 1916 mutum kimanin 300,000 suka mutu a Verdun, Faransawa da Jamusawa, layin daga kuwa bai gusa wani abin kirki ba. A Somme, rana ta fari kaɗai, 1 ga Yuli 1916, Birtaniya ta rasa mutum fiye da 19,000. Cikin hunturun da ya biyo baya yunwa ta kama garuruwan Jamus saboda jiragen ruwan Birtaniya sun tare hanyar abinci. A Afrilu 1917 Amurka ta shiga yaƙin. Yawancin waɗanda suke mutuwa a ramuka igwa ce take kashe su daga nesa, ba su ga wanda ya harba ba, wasu ko gawarsu ba a samu ba. Irin wannan mutuwa ba a iya yi mata kirari.

Matuƙin jirgin faɗa kuwa yana da fuska, yana da suna, nasararsa kuma tana ƙirguwa. Sanarwar soja takan ambaci sunansa, ana sayar da hotonsa a kati. Ranar da Richthofen ya cika shekara 25, Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya karɓe shi a hedkwatar yaƙi, ya kuma gana da Hindenburg da Ludendorff. An ɗaga mutum ɗaya sama don idon jama'a ya bar kallon ramuka. Duk wanda ya karanta littafin bai riƙe wannan a zuci ba, zai ɗauka yaƙin 1917 wasan samari ne a sararin sama.

Abin Yabo

Duk da haka kada a ce littafin ƙarya ce zalla. Muryar da ke ciki ta mutum ce mai rai. Jimlolinsa gajeru ne, ba ya kewaye-kewaye. Yana yi wa kansa dariya. Ya faɗi yadda ya farfasa jirgi ranar da ya fara tashi shi kaɗai, da yadda ya faɗi jarrabawar tuƙi ta fari. Bai ɓoye cewa ba ya son karatu a makaranta ba. Yana maganar karensa Moritz da ƙauna irin ta yaro.

Wurin da ya fi kyau a littafin shi ne inda yake maganar Boelcke. A nan girman kai ya kwanta, almajiri ne yake tuna malaminsa. Ya nuna mutum ne wanda kowa da ya zauna da shi yakan ɗauka shi ne babban amininsa. Bai ɗora wa Böhme laifi ba, ya ji tausayinsa. Shugabannin ikkilisiya za su ga wani abu a nan game da yadda ake renon na baya. Boelcke ya zaɓi mutanensa da kansa, ya koya musu da baki, ya shiga gaba a wurin haɗari, bayan kowane faɗa kuma ya zauna da su a duba abin da aka yi. Bai yi wata uku da su ba ya mutu, amma abin da ya shuka ya tsaya.

Littafin kuma yana da gaskiya game da sana'ar. Richthofen ba ya ganin darajar wasan juyi a sama. A wurinsa aikin shi ne a matso a yi harbi, sauran duk ado ne. Wannan gaskiyar ce ta buɗe ƙofar abin da ya fi damuwa a littafin.

Harshen Farauta

Wanda ya taɓa jin mafarauci yana kirari bayan an dawo daga daji zai gane irin wannan littafi nan take. Mai kirari yana lissafa abin da ya kayar, yana yabon ƙarfin naman don darajar kansa ta ƙaru, ba ya kuma tsayawa ya tambayi yadda naman ya ji. Haka Richthofen yake yi da mutane. Abokin gaba nama ne da ake fako. Ya ce mahaifinsa yakan raba mafarauci na gaske da mai harbi don jin daɗin harbi kawai, ya sa kansa a sahu na fari, ya sa ƙanensa Lothar a na biyu. Hujjarsa ita ce in ya harbo Bature ɗaya na Ingila ƙishinsa yakan kwanta na ɗan lokaci, ƙanen kuwa ba ya ƙoshi. A ganinsa wannan kamewa ce. Kusa da ƙarshen littafin ya ba da labarin harbin wani irin ɓauna na Turai a dajin basaraken Pless, da murya ɗaya da wadda ya ba da labarin harbin mutane.

Rayuwarsa ta tabbatar da harshen. Bayan kowace nasara yakan sa wani maƙerin azurfa a Berlin ya ƙera masa ƙaramin kofi, a rubuta kwanan wata da irin jirgin. Sai da kofunan suka kai 60 azurfa ta yi wuya a Jamus aka daina. Yakan je inda jirgi ya faɗi ya yanko lambarsa, ya aika gida a Schweidnitz a manna a bango, kamar yadda mafarauci yake rataye ƙaho.

A duba labarin Manjo Lanoe Hawker, wanda ya kashe ranar 23 ga Nuwamba 1916. Hawker jarumi ne da ya riga ya sami lambar yabo mafi girma ta Birtaniya. Littafin ya zana faɗan da kyau ƙwarai: jirage biyu suna kewaya juna suna sauka, iska tana tura su cikin yankin Jamus, har Hawker ya ga ba makawa sai ya juya ya nufi gida. A nan harsashi ya same shi a ka, daga baya. Richthofen ya yaba masa, sa'an nan ya rufe labarin da cewa bindigar mamacin tana ƙawata ƙofar ɗakinsa. Wannan shi ne faɗan da masu son labarin karamci a sama suka fi ambata. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne jirgin Hawker tsohon yayi ne, bai kai na Richthofen gudu ba. Yawancin jiragen da Richthofen ya harbo ma ba na faɗa ba ne, jiragen leƙe ne masu kujera biyu, masu nauyi. Ta fuskar soja wannan shi ne aikinsa, amma ya yi nisa da hoton barde da barde a fage.

Jirginsa na fari mutum biyu ne a ciki, Lionel Morris ɗan shekara 19 da Tom Rees ɗan shekara 21. Duka sun mutu. A lissafi su ne lamba ɗaya. Immelmann da Boelcke da Hawker da Richthofen kansa kuwa, kowannensu ya mutu yana da shekara 25.

Girmamawar da yake yi wa abokin gaba ma tana da iyaka. Turawan Ingila yana ganinsu dangi, yana yabon ƙarfin halinsu. Faransawa yana yi musu kallon raini. Da ya zo labarin jefa wa sojojin Rasha bama-bamai a 1916, ya ce abin yana ba shi nishaɗi, ya kuma kwatanta sojojin da suka fito daga Asiya da mutanen da ba su gama wayewa ba, waɗanda firgitarsu take ba da dariya. Mai karatu ɗan Afirka ba ya bukatar a gaya masa sahun da za a sa shi a wannan ma'auni.

Shafukan 1914

Masu karatu da yawa sukan yi sauri su wuce babin sojan doki don su kai ga jirage. Ga mai hidima, a nan ya kamata a dakata. Richthofen ya ba da labarin yadda ya shiga wani ƙauye a yankin Polan da ke hannun Rasha, ya kama limamin majami'ar, ya kulle shi a hasumiyar ƙararrawa, ya yi masa barazanar kisa in mutanen gari suka motsa. Ya faɗi wannan kamar dabarar da ta ba shi sha'awa. A Arlon ta Beljiyam ya ce ya ji daga baya an harbe mutanen gari da dama saboda ha'inci, bai kuma ga abin tambaya a ciki ba. Ya kuma ba da labarin wani gidan sufaye inda aka karɓe su da ci da sha, ya ƙara da cewa bayan kwana uku an rataye waɗansu daga cikin masu masaukin saboda sun sa hannu a yaƙi. Ya faɗa ya wuce, ya koma yabon karamcin daren.

Ga abin da tarihi ya tabbatar. A watannin farko na yaƙin sojan Jamus sun kashe farar hula kimanin 6,500 a Beljiyam da arewacin Faransa, har da limaman Katolika da dama. A Dinant kaɗai an kashe 674 ranar 23 ga Agusta. A Arlon ɗin nan, ranar 26 ga Agusta, an harbe fiye da 100, yawancinsu mutanen ƙauyen Rossignol. Hujjar da aka bayar ita ce farar hula suna harbin sojoji daga ɓoye. Masana tarihi John Horne da Alan Kramer sun bi takardun ɓangarorin biyu, suka nuna cewa babu wani shiryayyen yaƙin farar hula irin wannan. Tsoro da jita-jita ne suka cika rundunar, sojoji suka riƙa ganin maƙiyi a kowace taga, musamman a cikin rigar limami.

Ko da wani ya ce labarin sufayen cika baki ne na saurayi, matsalar tana nan. Masu tace labarai sun karanta shi sun bar shi. Ke nan sun san masu karatu za su haɗiye shi ba tare da ya tsaya musu a wuya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Inda Sunan Allah Ya Shigo

Littafin ba na addini ba ne, ba a kuma ganin marubucin yana kokawa da lamirinsa a ciki. Amma a wurin mutuwar Boelcke ya kawo sunan Allah. Ya ce babu abin da yake faruwa sai da nufinsa, wannan ce kuma ta'aziyyar da mutum yake yi wa kansa a yaƙi. Maganar mai makoki ce, ba abin raini ba ce. Sai dai a lura da wurin da aka ajiye ta. An kira ikon Allah don a iya jure mutuwar aboki. A kan gawar waɗanda ya kashe kuwa ba a jin wannan murya, sai ta mai ƙirga. Koyarwar ikon mallakar Allah in ta zama magani ga baƙin cikinmu kaɗai, ba ta taɓa tuhumar hannunmu, to an yanke rabinta.

Ba shi ne ya yanke ta ba, haka ya same ta. Sojan Prusiya yana ɗaure da ɗamara mai rubutun cewa Allah yana tare da su. Ranar 4 ga Agusta 1914 babban mai wa'azin fada, Ernst von Dryander, ya yi wa'azi a babbar majami'ar Berlin a kan Romawa 8:31, ya jingina ayar ga al'ummar Jamus mai shiga yaƙi. A Oktoba na wannan shekara manyan masana 93 suka sa hannu a wata takarda da ta musanta cewa sojan Jamus sun zalunci mutanen Beljiyam. Cikinsu akwai malaman tauhidi irin su Adolf von Harnack da Wilhelm Herrmann. Karl Barth, wanda ya yi karatu a gabansu, ya ce ganin sunayensu ya rushe amincewarsa da tauhidin da suka koya masa. Abin da manyan malamai suka musanta a 1914, ga wani saurayi yana faɗinsa da fara'a a 1917. Ikkilisiyoyin Birtaniya da Faransa ma sun yi nasu wa'azin yaƙin, kowa yana jan Allah ɓangarensa.

Littafi Mai Tsarki shi ma yana da labarin jarumi, yana da kyau a gwada. A 1 Sama'ila 18 mata sun yi waƙar ƙirga waɗanda Saul da Dawuda suka kashe, marubucin kuwa ya nuna nan take cewa kishi da neman kisa waƙar ta haifa. A 2 Sama'ila 1 Dawuda ya yi makokin mutumin da ya yi ta farautarsa. A sura 11 da 12 an kira sunan Uriya, an faɗi wanda ya shirya mutuwarsa, annabi kuma ya shiga fada ya faɗa wa sarki a fuska. A 1 Tarihi 22 an hana Dawuda gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar. An yarda jarumi ne, ba a kuma bar kirarinsa ya zama magana ta ƙarshe ba. Littafin Richthofen ba shi da Natan.

Murya ta Biyu da Masu Gadon Gawa

Akwai wani ɗan rubutu da ba ya cikin bugun 1917, wanda ya fito a bugun 1933. A ciki Richthofen, bayan raunin da ya samu a ka, ya ce in ya karanta littafinsa yakan ga wani mai rawar kai wanda ba shi ba ne yanzu. Ya ce bayan kowane faɗa yakan ji ba daɗi, ya shige ɗaki ba ya son ganin kowa, yaƙin kuma ba abin sowa ba ne yadda mutanen gida suke zato. Ya ƙi karɓar aikin ofis da aka yi masa tayi, domin sojan da ke rami ba shi da wannan zaɓi.

Wannan shafi ya fi duk sauran nauyi, amma kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Gajiya ce da baƙin ciki. Bai ambaci Morris ko Rees ko sufayen ba, bayan raunin kuma ya ƙara harbo jirage fiye da ashirin. Mai wa'azi yakan yi marmarin ya sami tuba a ƙarshen kowane labari. In babu ita a rubuce, ba hakkinmu ba ne mu ƙaga ta.

Sojojin saman Ostareliya ne suka binne shi a Bertangles ranar 22 ga Afrilu 1918, da girmamawar soja, limamin soja kuma ya yi addu'a. Daga baya aka mayar da gawar Fricourt. A 1925 aka kai ta Berlin da gagarumin biki, Shugaba Hindenburg yana wurin. A 1975 iyalinsa suka mayar da ita Wiesbaden. Littafin ma haka aka yi ta ɗaukarsa. Bugun 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, ya fito da gabatarwar Hermann Göring, wanda shi ne kwamanda na ƙarshe na rundunar Richthofen a 1918. Da aka kafa sabuwar rundunar sama ta 'yan Nazi, sunan Richthofen aka sa wa rukuninta na fari na jiragen faɗa. Ba za a kira shi ɗan Nazi ba, ya mutu kafin a kafa jam'iyyar. Amma littafin da ya koya wa yara cewa kisa wasa ne mai tsabta bai yi wa Göring wuyar amfani ba.

Hukunci

Littafin ya cancanci karatu, da fensir a hannu. Shaida ce mai daraja game da yadda saurayi mai hankali, mai ladabi, mai riƙon amanar abokai, zai iya kashe mutane da yawa lamirinsa yana barci, domin gida da makaranta da fada da majami'a duk sun ba shi harshen da zai rufe abin. Ƙarfin hali da horo da biyayyarsa na gaske ne. Ba su isa su sa a ɗauke shi a kafa a gaban matasa a ce su bi sawunsa ba.

Wannan sharhi bai yanke hukunci a kan ko Kirista zai iya zama soja ba. Ikkilisiya ta daɗe tana muhawara a kai, akwai kuma darasin da ya dace da ita. Ko wanda ya yarda cewa akwai yaƙin da ya halatta, ba zai yarda a ji daɗin kisa ba, ko a rataye wanda ya ba da masauki a mayar da abin raha. Sojan da ya dawo daga daga yana zaune a bencin baya, mai yiwuwa murya ta biyun nan ce take cikin ransa. In kirari kaɗai ya ji daga bagade, zai gane cewa babu wurin faɗin abin da yake damunsa a cikin ikkilisiya.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Ka ɗauki labarin wani jarumi da ka taɓa amfani da shi a wa'azi. Wa ya fara ba da labarin, me kuma yake nema da shi? Sunayen su wa aka bari a waje?

2. Richthofen ya ambaci nufin Allah a kan mutuwar abokinsa. Yaya za ka koyar da ikon mallakar Allah yadda zai ta'azantar da mai makoki, ya kuma bar wa mutum alhakin abin da hannunsa ya yi?

3. Malaman tauhidin da suka sa hannu a takardar 1914 sun gaskata abin da hukumarsu ta gaya musu. Waɗanne matakai shugaban ikkilisiya zai ɗauka kafin ya maimaita labarin laifin da aka ɗora wa wata al'umma?

4. An gayyace ka ka yi wa'azi a jana'izar soja. Me za ka yaba, me kuma za ka bari?